Baƙaƙen da Ba Su Cikin Abacada: Ɗalibin Malanta da Alamomin Furucin Ingilishi

Wannan jawabi ne da wani malamin Tsangayar Ilimi ya gabatar wa ɗalibai masu shirin fita gwajin koyarwa. Mun buga shi kamar yadda ya ba mu a rubuce.



Ranar da shugabannin ƙungiyarku suka same ni a ofis suka ce in zo in yi magana a kan alamomin furucin Ingilishi, sai da na tambaye su ko sun tabbata za a sami masu saurare, domin a iyakar sanina babu darasin da ɗaliban malanta suka fi gudu kamar wannan. Ga shi kuwa zaure ya cika. Ban sani ba ko son ilimi ne ya kawo ku, ko kuwa jarrabawar da ke tafe ce ta koro ku. Ko wanne ne dai, na gode.

Zan fara da wani abu da na gani da idona. Wata shekara na je duba wani ɗalibinmu da ke gwajin koyarwa a wata makarantar sakandare ta ƙauye. Yaro ne mai ƙwazo, ya shirya darasinsa tsaf, ya rubuta alamomi reras a allo. Da ya zo kan alamar /j/ sai ya ce wa aji wannan ita ce sautin farko na "jam" da "judge", yara sama da sittin suka amsa, suka rubuta. Can sai wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, a littafi kalmar da suka sa a ƙarƙashinta ai 'yam' ce." Malamin ya leƙa littafin, ya yi shiru kaɗan, sa'an nan ya ce kuskuren maɗaba'a ne. Yarinyar ta zauna. Ita ce mai gaskiya, amma ita aka sa ta goge abin da ta rubuta.

Ban kunyata shi a gaban yara ba. Bayan an tashi muka zauna gindin wata darbejiya, na tambaye shi wa ya koya masa waɗannan alamomi. Ya ce an ba su takarda ce mai shafi biyu a aji ɗaya, aka ce su haddace. Tun daga ranar na daina ɗora wa ɗalibai laifin wannan al'amari gaba ɗayansa. Amma fa ku lura, kuskuren lauya a kan mutum ɗaya yake faɗawa, na malami kuwa a kan aji guda, kuma kowace shekara sai an kawo masa sabon aji.

To, su wane ne suka ƙirƙiro mana wannan wahala? Za ku yi mamaki in na ce muku malaman makaranta ne irinku. A shekarar 1886 wasu malaman koyar da harsuna na Faransa da Ingila suka kafa ƙungiya a birnin Faris, a ƙarƙashin jagorancin wani Bafaranshe mai suna Paul Passy, a 1888 kuma suka fitar da jerin alamominsu na farko. Damuwarsu ita ce irin taku: yaro yana ganin kalmar Ingilishi a rubuce, amma rubutun ba ya gaya masa yadda zai faɗe ta. Manufarsu mai sauƙi ce, wato kowane sauti a ba shi alama ɗaya tasa ta kansa, kada alama ɗaya ta yi aiki biyu. Daga baya Daniel Jones na Jami'ar Landan ya fitar da ƙamus ɗinsa na furucin Ingilishi a 1917, almajirinsa A. C. Gimson kuma ya fitar da littafinsa a kan furuci a 1962. Yawancin abin da ke cikin takardun da kuke haddacewa daga gidan waɗannan mutane biyu ya fito.

Dalilin da ya sa Ingilishi ya buƙaci wannan magani shi ne, harshe ne mai haruffa 26 amma sautukansa, a lissafin da aka saba, 44 ne: baƙaƙe 24, wasula 20, cikinsu 12 tilo, 8 tagwaye. Bugu da ƙari, rubutunsa ya fara daskarewa ne tun bayan da William Caxton ya kafa maɗaba'arsa a 1476, alhali a daidai wannan zamani dogayen wasulan harshen suna cikin sauyawa, kuma suka ci gaba da sauyawa har wajen shekara ta 1700. Wato baki ya yi gaba ya bar alƙalami a baya. Shi ya sa za ka ga haruffa huɗu, o da u da g da h, suna tsaye a wuri ɗaya cikin "though" da "through" da "tough" da "cough" da "bough", amma ba biyu daga cikinsu da ake faɗa iri ɗaya. Mu da muka tashi da rubutun boko na Hausa, inda kusan abin da ka gani shi za ka faɗa, ba abin mamaki ba ne in mun ɗauki wannan ɗabi'a mun kai ta inda ba ta da karɓuwa, har mu riƙa furta t a "listen", da b a "debt" da "plumber", da w a "sword".

Wahalar farko da ɗalibi ke gamuwa da ita ta ido ce, kuma ita ce ƙarama, ko da yake ita aka fi kuka da ita. Baƙin alamomi irin su /θ/ da /ð/ da /ʃ/ da /ʒ/ da /ŋ/ da /ə/ ba su kai ashirin ba. Wanda ya iya haddace jadawalin lissafi ba zai kasa su ba. Masu haɗari su ne waɗanda suka yi kama da 'yan gida, kamar /j/ ɗin nan da ta kayar da ɗalibina, wadda sautinta shi ne y namu. Sautin j na Hausa kuwa /dʒ/ ake rubuta shi, c namu na "ciki" kuma /tʃ/ ne. Haka nan /aɪ/ ita ce wasalin "time", /eɪ/ kuma na "tame". Ido yakan ga harafin da ya sani, ya yi masa karatun da ya saba, kafin hankali ya farga.

Kuma kada wani Bahaushe ya ce mini bai taɓa rubuta alamar furuci ba. Ɓ da ɗ masu lanƙwasa da muke rubutawa kullum, waɗanda suka shigo rubutunmu a shekarun 1930, su ne ainihin alamomin da masana furuci na duniya ke amfani da su don waɗannan sautuka. Duk wanda ya rubuta "ɓarawo" ko "ɗaki" ya riga ya sa ƙafa ɗaya cikin fagen.

Babbar wahala tana kunne, kuma a nan zan daɗe.

Alama suna ce ta sauti. In ba ka taɓa jin sautin ba, ko kuwa kana jinsa amma kunnenka ba ya rarrabe shi da maƙwabcinsa, to haddar alamar daidai take da haddar sunayen mutanen garin da ba ka taɓa zuwa ba. Kunnen kowane mutum kuwa harshen uwarsa ne ya horar da shi. Mu ɗauki p da f. Sautin da muke rubutawa f a Hausa da leɓɓa biyu ake yinsa, haƙori ba ya taɓa leɓe. A bakin wasu yakan fito kamar p, a Sakkwato da kewaye kuwa sai ka ji "hwara" a maimakon "fara", ma'ana kuma ba ta sauya ba. Tun da sauyin bai taɓa ɓata mana ma'ana ba, kunnenmu ya koyi yin watsi da shi. Ingilishi kuwa a nan ya kafa iyaka: "pan" daban, "fan" daban; "pull" daban, "full" daban. Dubi kalmomin da muka ara, za ku ga shaida: famfo, fenti, fetur, firamare, duk da p suka zo mana. Haka v ta koma b a direba da talabijin. Saboda haka ɗalibin da ya rubuta /f/ a inda ake son /p/, sau da yawa ya san alamomin biyu sarai. Abin da kunnensa ya kawo masa ne ya rubuta.

Sautukan nan biyu na th su ma haka. Bahaushe yakan mai da /θ/ ta zama s, /ð/ ta zama z, har "think" ta koma "sink", alhali 'yan'uwanmu na kudu sukan mai da su t da d. Wannan ɗabi'a ta girmi zuwan Turawa. Larabci yana da waɗannan sautuka biyu, kuma ga yadda muka yi da su: Usman, hadisi, zikiri, zunubi, izini. Amma duk wanda ya zauna gaban malamin tajwidi ya san an sa shi ya fito da kan harshensa tsakanin haƙora don ya gyara waɗannan haruffa. To, abin da ya yi a can shi ake nema ya yi a nan. Ina mamakin yadda za ka ga ɗalibi ya ƙware a mafitar haruffa da asuba, da hantsi kuma ya shiga ajin Ingilishi ya ce ilimin furuci baƙon abu ne. Ai Khalilu ɗan Ahmad na Basra, tun ƙarni na 8, bisa mafitar haruffa ya tsara ƙamus ɗinsa, ya faro daga maƙogwaro ya gangaro zuwa leɓɓa. Almajirinsa Sibawaihi ya ƙidaya mafita 16, Ibnul Jazari daga baya ya ce 17. Jadawalin baƙaƙen da ke manne a bangon ajinku, mai nuna baleɓe da bahanƙe da baganɗe, aiki iri ɗaya yake yi, sai dai shi daga leɓɓa ya faro.

Wasula sun fi baƙaƙe wuya. Hausa tana da gajeru 5 da dogaye 5, ga kuma tagwaye irin ai da au. Da yake muna bambanta gari na zama da gari na tuwo da tsawon wasali kaɗai, sai mutum ya zaci "sit" da "seat" ba za su ba mu wahala ba. To, amma akwai wata ƙa'ida a Hausa da ba kowa ya lura da ita ba: dogon wasali ba ya zama a gaɓar da baƙi ya rufe. Ku faɗi "gida", ku ji yadda a ɗin ƙarshe ya miƙe. Sa'an nan ku ce "gidan sarki", ku ji yadda ya gajarce da zarar n ta rufe shi. Wannan ƙa'ida ce muke ɗauka ba da saninmu ba mu aza wa Ingilishi, sai "seat" ta koma "sit", "leave" ta koma "live", "pool" ta koma "pull". Ban taɓa ganin wannan bayani a takardun haddar da ake raba muku ba, alhali shi kaɗai ya isa ya warware wa Bahaushe rabin rikicinsa da ɗigo biyun nan da ake sawa a gaban wasali. Sai kuma "cat" da "cart" da "cut", wasula uku da duk mukan zuba su cikin a guda ɗaya.

Akwai kuma ɗan wasalin nan mai kama da e da aka kifar, /ə/, wanda ya fi kowane wasali yawan fitowa a maganar Turawan Ingila, amma ba shi da harafi nasa ko ɗaya. Shi ne a farkon "about", shi ne a ƙarshen "teacher" da "doctor" da "colour". Asalinsa shi ne, Ingilishi harshe ne da ake danna gaɓa ɗaya a cikin kalma, sauran kuma a sassauta su har wasulansu su dushe. Hausa ba haka take ba. Mu da karin sauti muke aiki, kowace gaɓa da nata, sama ko ƙasa ko faɗau, shi ya sa wuya na jiki ya bambanta da wuya ta wahala, kuka itaciya ta bambanta da kuka na hawaye. Kowace gaɓa muna ba ta haƙƙinta cikakke. Saboda haka in aka ce ɗalibi ya rubuta "photographer" da alamomi, sai ya ba kowane o cikakken matsayinsa, ya rasa maki, bai kuwa san inda ya yi laifi ba.

Batun cunkoson baƙaƙe ba sai na tsawaita ba. Harshen da ya mai da "bread" burodi, "brake" birki, "screwdriver" sukudireba, ba zai ji daɗin kalma irin "texts" mai ƙarewa da baƙaƙe huɗu a jere ba.

Ba duka ne asara ba. Sautin /ŋ/ yana bakinmu a "hankali" da ƙarshen "can". Sautin /ʒ/ na tsakiyar "measure" shi ne yadda Hausawa da yawa na Jamhuriyar Nijar da yammacin ƙasar Hausa ke furta j. Wasalin "cut" kuma a ɗinmu ya fi kusa da shi bisa ga o ɗin da ake ji a wasu sassan ƙasar nan. Farfesa Munzali Jibril ya yi nazarin irin waɗannan bambance-bambance na Ingilishin Nijeriya a kundin digirinsa na uku a Jami'ar Lankasta a 1982, kuma ya kamata duk mai niyyar koyar da Ingilishi a Arewa ya neme shi.

Yanzu bari in taɓa namu laifin, mu masu koyarwa da masu shirya jarrabawa. Takardar da ake kira jarrabawar baka ta Ingilishi a ƙarshen sakandare, a ƙasar nan da fensir ake amsa ta. A ba yaro alama, a jera masa kalmomi huɗu, ya zaɓi ɗaya. Yana iya cinye ta duka bai buɗe baki ba. Tun da haka ake tambaya, haka malamai ke koyarwa, haka kuma mu muke horar da malaman: a rubuta, a haddace, a mayar. Na san wata kwaleji da ke da ɗakin sauraren harshe cike da na'urori, amma shekara da shekaru yana kulle, wai kada ɗalibai su lalata kayan. Ƙura ta riga su.

Ƙamus ma ba su taimaka ba. Jones ya rubuta wasalin "sit" da /i/, Gimson ya mai da shi /ɪ/ lokacin da ya sabunta ƙamus ɗin a 1977. Tsofaffin littattafai suna da /ou/ a inda sababbi ke da /əʊ/. Wasu ƙamus na Oxford suna sa /a/ a gurbin /æ/, manyan ƙamus na Amurka irin su Merriam-Webster kuwa tsarinsu daban ne ɗungurungum. Ɗalibin da ya ari littafi uku a laburare yakan dawo da amsa uku. Shawarata ita ce ka riƙe ƙamus ɗaya na masu koyo, ka karanta shafin bayanin alamominsa, wanda kusan ba mai karantawa, ka zauna a kansa har ka ƙware kafin ka leƙa wani.

Na san akwai tambayar da ke cin wasunku, domin an sha yi mini ita: don me za mu wahalar da kanmu mu yi magana kamar Bature? Tambaya ce mai kyau, kuma ba na son a amsa ta da tsawa. Karin da waɗannan littattafai suka siffanta, ko a Ingila 'yan ƙalilan ne ke magana da shi. Ingilishin Nijeriya kuma ya riga ya tsaya da ƙafarsa, har babban ƙamus na Oxford ya shigar da kalmominmu 29 a watan Janairu na 2020, ciki har da Kannywood. Ni kaina ba na sha'awar malamin da ke maƙale murya a hanci don a ce ya waye. Yara ba sa fahimtarsa, a bayan idonsa kuma kwaikwayonsa suke yi. Wata masaniya 'yar Ingila, Jennifer Jenkins, ta nuna a littafinta na shekarar 2000 cewa a tsakanin waɗanda Ingilishi ba harshen uwarsu ba ne, sauya sautukan th ba ya cika hana fahimta, amma rikita sauran baƙaƙe da rikita dogon wasali da gajere suna hanawa. Na yarda da ita. In lokacinka kaɗan ne, bar th ta jira, ka fara da p da f, da b da v, da "live" da "leave". Ma'aikaciyar jinya da ta kasa bambanta "pill" da "fill" da "feel", ko akawun kotu da "vote" da "boat" suka zame masa ɗaya, matsalarsu ta wuce ta ado.

Kuma kada mu manta, an taɓa yin wannan aiki a ƙasar nan aka ci nasara. Kwalejin Katsina da aka kafa a 1921 don horar da malamai ta yi suna wajen kyan lafazin ɗalibanta. Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya yi karatu a can daga 1928 zuwa 1933, Bauchi ya koma ya koyar, kuma muryarsa ce daga baya duniya ta yi wa laƙabi da ta zinariya. Ba su da na'urar ɗaukar magana a aljihu. Abin da suke da shi ajujuwa ne marasa cunkoso da malamai masu sa su maimaita. Ku kuwa yau ƙamus yana cikin wayarku, ka taɓa kalma ya faɗa maka ita da karin Ingila da na Amurka. Wani zai ce to ai alamomin sun zama tarihi ke nan. Ban yarda ba. Waya takan faɗa maka kalma, amma kunnen da bai horu ba abin da ya saba ji shi zai ji. Alamar ce ke tsayar da kai ta ce akwai bambanci a nan, sake saurarawa. Kuma ranar da kake gaban aji ba wuta ba caji, alli da allo kaɗai za su rage maka.

Ga abin da nake roƙon ku gwada kafin ku fita. Kada ku fara da Ingilishi. Ku fara rubuta sunayenku da na garuruwanku da alamomin, ku sa wa dogon wasali ɗigonsa biyu, domin a harshenku kunnenku ba zai yaudare ku ba, kuma a nan za ku gane cewa sauti ake rubutawa. Bayan haka ku ɗauki sautuka bibbiyu masu rikitarwa, kada ku wuce biyu a mako. Ku nemi ƙaramin madubi: in ka ce "fan" ka ga haƙoranka na sama a kan leɓen ƙasa, in ka ce "pan" ka ga leɓɓa sun haɗe sun buɗe. Ka riƙe 'yar takarda a gaban bakinka, p ta Ingilishi za ta kaɗa ta. Ka sa yatsa a maƙogwaro ka ja s, sa'an nan ka ja z, za ka ji ziza ta taso a ta biyu. Wannan yatsa shi zai koya maka abin da ya sa ƙarshen "cats" yake /s/ amma na "dogs" yake /z/, da abin da ya sa "walked" ta ƙare da /t/, "begged" kuma da /d/. Ku zauna bibbiyu, ɗaya ya faɗa, ɗaya ya rubuta, in da hali ka zaɓi abokin da harshen uwarsa ba naka ba ne, domin inda kake tuntuɓe shi ba nan yake yi ba, kowa sai ya ji wa ɗan'uwansa.

In kun shiga aji kuma, kada ku zuba wa yara alamomi 44 a rana ɗaya kamar yadda aka yi muku. Su ji sautin tukuna, su faɗe shi, su rarrabe shi da maƙwabcinsa, sa'an nan a nuna musu alamarsa. In kuwa wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce littafi ya saɓa da abin da ka faɗa, ka ce mata ta kawo ƙamus ku duba tare. Shi wancan ɗalibi nawa haka ya yi washegari, ya tsaya gaban aji ya ce jiya ya yi kuskure, ya sa yarinyar ta fito ta gyara allon da hannunta.

Shugaban taro, na ga kana duban agogo. Akwai madubai guda goma da na zo da su a jakata, duk mai so ya same ni bayan tambayoyi.